Waƙa a Kan Takarda: Tarihin Zayyana da Ɗab'in Rubutacciyar Waƙa a Ƙasar Hausa, Tare da Waiwayen Bugun Katako na Japan

1.0 Gabatarwa

Masu nazarin rubutacciyar waƙar Hausa sun daɗe suna mai da hankali a kan jigo da salo da zubi da tsari da ma'auni. Tun daga littafin Mervyn Hiskett na 1975 a kan tarihin waƙoƙin addini na Hausa, da kundin Bello Sa'id na 1978 a kan gudummawar masu jihadi, har zuwa Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya wanda ya fito a 1988, an samu ci gaba mai yawa wajen tattara waƙoƙi da juya su daga ajami zuwa boko da kuma feɗe su. Sai dai akwai wani ɓangare da bai samu irin wannan kulawa ba, wato shi kansa shafin da waƙar ta zauna a kai. Ana nufin hannun da ya rubuta ta, da launin tawadar da aka yi amfani da ita, da zayyanar da aka yi mata, da kuma hanyar da aka bi aka yaɗa ta bayan zuwan injin ɗab'i.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin tarihin wannan ɓangare. An ɗauki ƙasar Katagum da maƙwabtanta, wato yankin Azare da Hardawa da Misau, a matsayin wurin tsayawa, saboda yanki ne da ke kan hanyar almajirai tsakanin Kano da Barno. Domin al'amarin ya ƙara fitowa sarari, za a waiwayi ƙasar Japan, inda aka shafe fiye da shekara 200 ana buga tsofaffin waƙoƙi tare da zane ta hanyar sassaƙa allon katako. Abin da ake son tabbatarwa shi ne, al'ummomin biyu, ba tare da sun san juna ba, sun fifita irin ɗab'in da ke adana hannun marubuci, sun kuma rabu a kan batun zana sura. Daga nan za a nuna irin asarar da manazarta harshe ke yi idan suka ɗauki kalmomin waƙa suka watsar da shafinta.

2.0 Waƙoƙi Ɗari da Bugun Katako a Japan

A shekarar 1235 wani babban mawaƙi kuma masanin adabi na birnin Kiyoto mai suna Fujiwara no Teika (1162–1241) ya rubuta a littafin ajiyar labarinsa cewa wani surukin gidansu, Utsunomiya Yoritsuna, ya roƙe shi ya rubuta masa waƙoƙin magabata a kan ƙananan takardu domin ya ƙawata ƙofofin gidansa da ke kusa da dutsen Ogura. Masana suna danganta asalin diwanin da ake kira Hyakunin Isshu da wannan roƙo. Ma'anar sunan ita ce mawaƙa ɗari, kowa waƙa ɗaya. Kowace waƙa gajera ce mai gaɓa 31, a jere biyar, bakwai, biyar, bakwai, bakwai. Diwanin ya fara da waƙar Sarki Tenji na ƙarni na 7, ya ƙare da ta Sarki Juntoku na zamanin Teika. Ke nan tun ranar farko an tsara waƙoƙin ne domin ido ya gani a jikin ɗaki, ba domin kunne kaɗai ba.

A zamanin mulkin gidan Tokugawa (1603–1868) diwanin ya fita daga fada ya shiga gidajen fatake da masu sana'a. Ya zama littafin koyon karatu da rubutu, musamman ga 'yan mata, ya kuma zama wasan kati da ake yi a bikin sabuwar shekara, inda mutum ɗaya ke rera farkon waƙa, sauran su yi rige-rigen gano katin da ke ɗauke da ƙarshenta. Abin da ya ɗauki wannan nauyi na yaɗawa shi ne bugun katako.

Aikin kuwa na mutum huɗu ne. Akwai mai kamfanin ɗab'i wanda ke zuba jari, da mai zane, da masassaƙi, da mai bugawa. Mai zane zai yi zanensa da rubutunsa da baƙar tawada a kan siririyar takarda. Masassaƙi zai kifa takardar ya manna ta a kan allon icen ceri, ya sassaƙe duk wurin da babu tawada, ya bar layukan a tsaye. A wannan aiki takardar asali takan salwanta. Kowane launi yana da allonsa daban, kuma akan yi wata 'yar alama a gefen kowane allo domin takarda ta zauna daidai inda ta zauna a bugun baya. Mai bugawa zai shafa launi, ya ɗora takarda, ya goge bayanta da wani faifai na hannu. Babu inji a ciki. Daga 1765, lokacin da Suzuki Harunobu da abokan aikinsa suka kyautata bugu mai launuka da yawa, aka samu takardun zane masu araha waɗanda kuɗin ɗaya bai wuce na kwanon taliya ɗaya ko biyu ba.

Wani abin lura a nan shi ne, Japanawa sun san haruffan ɗab'i masu cirewa da sakawa tun cikin shekarun 1590, ta hannun 'yan mishan na Turai da kuma ta hanyar Koriya. Sun yi aiki da su na kimanin shekara 50, sa'annan suka koma ga allon katako. Dalili kuwa shi ne allo yana ɗaukar rubutun hannu mai sarƙe da juna kamar yadda alƙalami ya ja shi, yana ɗaukar ƙananan haruffan da ake sawa a gefen kalma domin nuna lafazinta, yana kuma ɗaukar zane, duk a shafi ɗaya. Bayan haka, ana iya ajiye allon a sake bugawa duk lokacin da kasuwa ta nema.

Tun 1678 Hishikawa Moronobu ya fitar da littafin waƙoƙin ɗari mai zane da sharhi. Amma ayyukan da suka fi shahara na ƙarni na 19 ne. A wajajen 1835 Katsushika Hokusai (1760–1849), yana da shekara fiye da 70, ya fara jerin zane wanda ya ce waƙoƙin ɗari ne kamar yadda mai renon yara ta bayyana su. A cikin ɗari, 27 kaɗai aka kammala bugawa, aikin ya tsaya a daidai lokacin da yunwa da tsadar rayuwa suka addabi ƙasar. Wannan tsayawa ce ta sa fiye da 60 daga zanen hannunsa suka tsira daga wuƙar masassaƙi, kuma da yawansu suna ajiye a gidan tarihi na Freer a birnin Washinton. Hokusai bai zana sarakuna da fadawa kaɗai ba. Alal misali, waƙar Sarki Tenji tana magana ne a kan bukkar gona a lokacin kaka, shi kuwa sai ya cika shafin da manoma suna aikin girbi. Zanen ya zama sharhi, wato fassarar waƙar fada da rayuwar talaka.

A 1842 hukuma ta hana buga hotunan 'yan wasan kwaikwayo da matan gidajen shaƙatawa. Masu ɗab'i sai suka fake da tsofaffin waƙoƙi. Tsakanin 1845 da 1848 aka fitar da wani jeri mai takarda 100, inda Kuniyoshi ya zana 51, Hiroshige 35, Kunisada 14. A saman kowace takarda akwai waƙar magabata, a ƙasa kuma akwai wani fage na tarihi ko na wasan kwaikwayo. Waƙar ta zama garkuwa ga zanen da hukuma ba ta so.

3.0 Shafin Rubutun Hannu a Ƙasar Hausa

A daidai zamanin da Teika ke raye a Kiyoto, akwai wani malami ɗan ƙasar Andalus mai suna Abu Zaid Abdurrahman Alfazazi, wanda ya rasu a 1230. Shi ne ya tsara ƙasidun begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, waɗanda Hausawa ke kira Ishiriniya, domin kowane harafi na Larabci ya samu ƙasida mai baiti ashirin. Daga baya Ibn Mahib ya yi musu tahamisi, kuma da wannan tahamisi ne suka yaɗu a Afirka ta Yamma. Matsayin Ishiriniya a ƙasar Hausa ya yi kama da na waƙoƙin ɗari a Japan ta fuskoki uku: ana haddace ta, ana koyon lugga da ita, kuma mawaƙan baya sun sha daga gare ta. Daɗewarta a nan ba abin shakka ba ne, domin Ɗanmasani na Katsina, wanda ya rasu a 1667, ya yi mata sharhi mai suna Nafhatul Anbariyya. Tare da ita akwai Burda ta Albusiri da Dala'ilul Hairati na Aljazuli, wanda ya rasu a 1465.

A kan tsarin shafin waɗannan littattafai ne rubutacciyar waƙar Hausa ta ginu. Lokacin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754–1817) da ƙanensa Abdullahi da 'yarsa Nana Asma'u (1793–1864) da ɗansa Isa suka rubuta waƙoƙi da Fulatanci da Hausa, sun ɗauki tsarin ƙasidar Larabci gaba ɗaya: buɗewa da basmala da salati, jera baitoci, tahamisi, rufewa da ramzi wanda ke nuna shekarar da aka yi waƙar ta hanyar lissafin haruffa. Masu kwafa kuma suka ɗauki tsarin shafi.

3.1 Katagum Tsakanin Kano da Barno

Kafin jihadi, yankin da ake kira Guddiri yana ƙarƙashin inuwar daular Barno. Malam Ibrahim Zaki, wanda ya rasu a 1814, shi ya kafa masarautar Katagum, kuma yana cikin masu tutar da suka shiga Birnin Gazargamu. Gwani Mukhtar ya riga shi shiga birnin a 1808, kuma zuriyarsa ce ta samu sarautar Misau a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Lokacin da Hugh Clapperton ya biyo ta Katagum a Janairun 1824, a zamanin Sarki Ɗankauwa, daga Kukawa ya fito zai tafi Kano, wato ya bi hanyar da fatake da almajirai suka saba bi. A 1916 aka mai da hedikwatar masarautar zuwa Azare.

Muhimmancin wannan tarihi ga batun da ake magana a kai shi ne, Barno ita ce cibiyar hadda da rubutun Alƙur'ani a wannan sashe na Afirka. Muhammadu Bello kansa ya yi shaidar haka a Infaƙul Maisuri. A. D. H. Bivar ya bayyana a 1960 wani Alƙur'ani na Barno mai ɗauke da tarihin 1669, wanda ke da fassarar kalmomi da tsohon harshen Kanembu a tsakanin layukansa. Har yau idan Bahaushe ya ce yaro ya tafi gabas, karatun Alƙur'ani yake nufi. Kalmar gwani ma tana da alaƙa da goni ta Barebari. Garuruwan Katagum da Misau, har da Hardawa, suna bakin wannan gabas ɗin, kuma tsarin tsangaya da matakansa na kolo da titibiri da gardi da alaramma da gwani ya kafu a cikinsu kamar yadda ya kafu a Haɗeja da Gumel.

A tsangaya ne ake horar da hannu. Almajiri yakan fara da allo, ya kai ga satu, wato rubuta karatunsa da ka a kan allo domin malamai su gyara masa, har ya kai ga rubuta Alƙur'ani sukutum a takarda. Hannun da ya samu wannan horo shi ne yake kwafar Ishiriniya da Dala'ilu da waƙoƙin wa'azi na Hausa da Fulatanci. Saboda haka ajamin waƙa ya gaji ƙa'idojin rubutun ruwayar Warshu. Misali mafi sauƙi shi ne ɗigon imala da ake sawa a ƙarƙashin harafi, wanda marubutan ajami suka ara domin nuna wasalin e na Hausa.

3.2 Kayan Aiki da Zayyana

Takardar da aka fi amfani da ita a ƙarni na 19 daga Italiya take zuwa ta hamada, ta hannun fataken Tarabulus, kuma an san ta da tambarin jinjirin wata uku da ake gani idan an ɗaga ta a haske. Da yawanta daga masana'antar gidan Galvani ta fito. Alƙalami na kara ne ko na gamba. Tawadar allo ta gawayi da ƙaro ce, mai wankuwa, ta takarda kuwa akan haɗa ta da bagaruwa da kashin maƙera domin ta kama. Ja da rawaya daga ƙasa da ma'adinai ake samo su. Ba a ɗinke littafi. Akan bar warƙoƙi a sake, a rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan wanda ya gabata domin kada jeri ya rikice, a sa a tadarishi, a zura a gafaka.

Zayyana a Alƙur'ani tana da aiki. Akwai alamar aya, da kumsa a kan kowace aya ta biyar, da kuri a kan ta goma. A gefen shafi akwai da'irori masu nuna izu da nusufi da rubu'i da sumuni da wuraren sujada. A farkon kowane kashi ɗaya cikin huɗu na littafin, wato farkon Alƙur'ani da Suratul A'araf da Maryam da Sad, akan yi babbar zayyana mai kusurwa huɗu. Irin wannan zane ne ake yi a allon zayyana na ranar saukar karatu. A nan ma an haɗa katako da rubutu da launi, amma allo ɗaya ne na mutum ɗaya, ba a buga shi a yaɗa.

A littattafan waƙa zayyana ta fi sauƙi. Akan raba ɗango da ɗango da 'yar alama mai launi, a rubuta sunan Allah da na Manzo da jar tawada, a bambanta baitin asali da na mai tahamisi ta launi ko ta girman rubutu. Akan kuma bar fili mai faɗi tsakanin layuka domin ɗalibi ya rubuta ma'anar kalma da Hausa ko Fulatanci ko Barbarci. Littafin da ya fi kusa da abin da za a kira zanen bayani shi ne Dala'ilu, domin a cikinsa akan zana Rauda da kaburbura uku da mumbari. Marubutan Afirka ta Yamma sun yi wannan zane ne da layuka da kusurwoyi da da'irori, babu surar mai rai a ciki.

4.0 Zuwan Injin Ɗab'i

Farkon fitowar shafin ajamin Hausa a ɗab'i a ƙasar Turai ya faru. A 1896 Charles Henry Robinson ya buga Specimens of Hausa Literature a Kambirij, ya haɗa da hoton shafukan ajami na asali tare da juyinsu zuwa boko da fassara. A gida kuwa, hukumar mulkin mallaka ta zaɓi boko. Hukumar Fassara ta 1929 ta rikiɗe ta zama Hukumar Talifi a 1933 a ƙarƙashin Rupert East. Aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da Kamfanin Gaskiya na Zariya a 1945, da hukumar NORLA wadda ta yi aiki cikin shekarun 1950 aka rufe ta a 1959, sai kamfanin NNPC a 1966. Ta wannan layi ne waƙoƙin Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu suka shiga makarantun boko. Ta nan ne kuma zanen sura ya shigo littafin Hausa, amma a ƙagaggen labari ya fi zama, kamar hotunan da ke cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam. Diwanin waƙa na boko yawanci baƙin rubutu ne a kan farar takarda.

A gefe guda akwai layi na biyu wanda ba na hukuma ba. Malamai da almajirai sun saba sayen littattafan da ake bugawa a Alƙahira, musamman na gidan Halabi, amma haruffan dalma na Gabas ba su dace da idon wanda ya tashi a tsangaya ba. Siffar baƙaƙen ta bambanta. A rubutun Magariba da na ƙasar Hausa, fa ɗigo ɗaya gare ta a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, alhali a rubutun Gabas fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf kuma biyu. Ga ajami kuwa matsalar ta fi haka, domin ba ya karantuwa sai da cikakkun wasula, kuma jera wasula da imala da fassarar tsakanin layuka da haruffan dalma aiki ne mai wuya da tsada.

Mafita ta zo ne daga fasahar da Alois Senefelder ya ƙirƙiro a Jamus a 1796, wato bugun dutse, wadda malaman Fas suka karɓa tun cikin shekarun 1860 saboda irin wannan dalili. Jikanyar wannan fasaha ita ce bugun hoto, inda ake ɗaukar hoton shafin da aka rubuta da hannu a mai da shi kan farantin ƙarfe a buga dubbai. Daga shekarun 1950 zuwa gaba, Kamfanin Gaskiya a Zariya da maɗaba'u irin su Oluseyi da Adebola da Northern Maktabat a Kano suka riƙa fitar da ƙananan littattafai ta wannan hanya. Su ne ake kira bugun kasuwa. Ana sayar da su a Kasuwar Kurmi da ƙofofin masallatan Juma'a, 'yan koli kuma su kai su kasuwannin ƙauye har ƙasar Katagum da Barno. A cikinsu akwai Ishiriniya da Burda, da waƙoƙin masu jihadi, da Imfiraji na Aliyu Namangi, da waƙoƙin bege na malaman Tijjaniyya da Ƙadiriyya.

Wannan kasuwa ta haifar da sabon matsayi ga mai kwafa. A da, marubuci yakan yi wata da watanni a kan kwafi ɗaya domin mutum ɗaya. Yanzu kwafi ɗaya ya zama uwar dubbai. Andrea Brigaglia ya nuna a 2011 yadda hannun marigayi Sharif Bala na unguwar Gabari a Kano ya zama abin koyi ta wannan hanya, har rubutun Kano mai kauri ya yaɗu ya zama shi ne idon jama'a ya saba da shi. A 2013 shi da Mauro Nobili suka yi irin wannan nazari a kan rubutun Barno.

5.0 Inda Aka Haɗu da Inda Aka Rabu

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa an haɗu a wurare uku. Na farko, a ƙasashen biyu akwai diwani na ƙarni na 13 wanda ya zama tushen koyo da hadda. Na biyu, duka sun ga haruffan ɗab'i masu cirewa da sakawa, amma wajen waƙar gargajiya suka fifita hanyar da ke ɗaukar shafi sukutum, domin a wurinsu siffar hannu da ƙananan alamomin lafazi ɓangare ne na nassi. Na uku, ɗan kasuwa ne ya zuba jarin, ba hukuma ba, kuma araha ce ta kai waƙar hannun talaka.

Rabuwa kuwa a kan sura take. Mai zanen Japan yana fassara waƙa da hoton mutane da duwatsu da koguna. Marubucin ƙasar Hausa ya tashi a kan fiƙihun Malikiyya, kuma Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane ɗalibin zaure ke karantawa, ta karhanta surori a jikin bango da gado da zobe. Saboda haka gwanintarsa ta tafi ga layi da launi da tsarin fili. Aikin da zane ya yi wa Bajapane, wato kusantar da tsohuwar waƙa ga mai karatu, a nan abu biyu suka yi shi: fassarar tsakanin layuka, da kuma murya. Malami yana fassara Ishiriniya baiti baiti a zaure, masu bege suna rera ta a daren Mauludi, makafi suna yawo da Imfiraji ƙofa ƙofa. Shi kansa Aliyu Namangi makaho ne, wasu ne suka rubuta abin da ya tsara. Hoto ya shigo bugun kasuwa daga baya, kuma a bango ya tsaya, inda akan sa hoton mawallafi ko na shehinsa, kamar Shehu Ibrahim Inyas (1900–1975).

6.0 Abin da Ake Asara

Idan aka juya waƙa daga ajami zuwa boko bisa daidaitacciyar ƙa'ida, abubuwa uku kan faɗi. Na farko, karin harshe. Mai kwafa yakan rubuta abin da bakinsa ke furtawa, don haka waƙar da aka tsara da Sakkwatanci tana iya ɗaukar alamun wani kari idan an kwafe ta a gabas. Dauda Bagari ya yi nazarin Guddiranci, karin Hausar ƙasar Katagum, daga bakin masu magana da shi. Shafukan ajami da aka rubuta a yankin su ne za su iya ba da shaidar yadda karin yake a zamanin da babu na'urar ɗaukar murya. Na biyu, tsawon wasali. Ajami yana da hanyar nuna dogon wasali, boko na yau da kullum ba ya nunawa, alhali a kan tsawon gaɓa ne ma'aunin arulin waƙar Hausa ya dogara. Na uku, fassarar tsakanin layuka, wadda ƙamus ce ta malaman zaure. Aikin Dmitry Bondarev a kan tsohon Kanembu ya nuna cewa daga irin waɗannan ƙananan rubuce-rubuce ana iya farfaɗo da tarihin harshe na ɗaruruwan shekaru.

Akwai kuma matsalar ajiya. Takardun zane na Japan sun samu masu tattara su tun ƙarni na 19, an jera su, an gano mai zane da mai ɗab'i da shekarar bugu ta hanyar hatimin da ke jikinsu. Bugun kasuwa na ƙasar Hausa sau da yawa ba ya ɗauke da shekara, takardarsa mai saurin lalacewa ce, kuma ɗakunan karatu sun ɗauke shi abu mai araha wanda bai kai rubutun hannu daraja ba, bai kuma kai littafin boko ba. Ɗaya daga cikin manyan tarinsa yana Jami'ar Northwestern ta Amurka, cikin abin da John Paden ya tattara a Kano a shekarun 1960, kusa da littattafan Malam Umaru Falke waɗanda suka haura 3,000. A gida akwai Gidan Arewa a Kaduna, da Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a can Kaduna, da ɗakin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, da gidan tarihi na Jos. Amma abin da ke cikin gafakokin gidajen malamai a garuruwa irin su Azare da Hardawa yana hannun magada, kuma gara da ruwan sama da rabon gado ba su jiran manazarci.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin shafin rubutacciyar waƙa daga tsangaya zuwa maɗaba'a, ta kuma kwatanta shi da bugun katako na Japan. An ga cewa bugun kasuwa ba koma-baya ba ne daga ɗab'in zamani. Zaɓi ne da masu karatu suka yi domin su riƙe hannun da suka saba da shi, kamar yadda Japanawa suka yi a ƙarni na 17.

Saboda haka ana ba da shawara uku. Duk wanda zai buga tsohuwar waƙa a boko ya haɗa da hoton shafin ajaminta, kamar yadda aka yi tun 1896, ya kuma faɗi inda aka kwafe ta da sunan mai kwafar idan ya rubuta. Sassan harsunan Nijeriya na jami'o'i su ɗauki bugun kasuwa a matsayin abin tattarawa da jerawa, da sunan marubuci da mai ɗaukar nauyi da maɗaba'a. Sa'annan a tura ɗaliban da suka fito daga ƙasar Katagum da Misau su ɗauki hoton abin da ke gidajen malamansu da izinin masu shi, a bar musu littattafansu a hannunsu. Ta haka ne za a samu abin da za a gina tarihin Guddiranci da na ajamin gabashin ƙasar Hausa a kansa.